Kunun da Baba ya iya haɗiyewa

Shekaru masu yawa ke nan, tun ina da goyon fari, lokacin fatake ba sa ratsa dajinmu na Birnin Gwari sai da rakiyar 'yan baka, aka aiko gidan mijina cewa mahaifina ya faɗi a gona. Na iske shi kwance a shigifa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, ba magana sai ido.

Ba shanyewar ce ta fi tayar mana da hankali ba, haɗiya ce. Da an ɗiga masa ruwa sai ya ƙware, ya yi ta tari har fuskarsa ta yi baƙi, ruwan ya biyo ta hanci. Rubutun da liman ya aiko ma haka. Muna ji muna gani ƙishirwa tana cin mutum, ga randa cike a gefensa. Leɓɓansa suka tsattsage, idanu suka zurma. Ni kam na gama yanke ƙauna.

A garinmu kowa ya san abincin majiyyaci kunu ne tsululu. Gwaggona, yayar Baba, ita ta tsaya a kan wannan.

"Ke 'yar nan, ƙara ruwa," in ji ta. "Wanda ruwa ya gagara, ina shi ina mai kauri? Kashe mini ƙane za ki yi?"

Na ƙara. Ya ƙware. Na sake ƙarawa, ya fi ƙwarewa.

To ni Allah ya yi ni da nauyin hannu wajen damu. Gasarar gero, wato lallausan ƙullin da ke kwanciya a ƙasan ƙwarya bayan an tace, ba na iya ɗibanta kaɗan. Mijina har cewa yake kununa sai an sa muciya a yanka. Wani hantsi na dama wa kaina irin wannan, jaririna ya sa kuka, na ajiye ƙoƙon kusa da tabarmar Baba na fita ba shi nono. Kafin in dawo kunun ya huce ya kama jikinsa, ko an karkata ƙoƙon sai ya yi rawa kawai.

Na tarar da Baba ya tsoma yatsun hagu a ciki yana kaiwa baki. Na tsaya ina jiran tarin nan, ina salati a zuci. Sai na ga maƙoshinsa ya hau, ya sauko. Shiru. Ya sake tsoma hannu.

"Gwaggo! Gwaggo, zo ki gani!"

Ta shigo da gudu, ta ga ƙoƙon, ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Wa ya ba shi wannan?"

"Wallahi shi ya ɗauka da kansa."

Ta durƙusa ta zuba wa wuyansa ido har ya haɗiye sau da yawa. Can ta ce, "Miƙo ludayin."

Ba a nan fargaba ta ƙare ba. Washegari na cika gasara, ya maƙale masa a wuya, na ɗauka shi ke nan na kashe ubana. A hankali na gane ruwa zalla gudu gare shi, yana riga maƙoshin da ya shanye. Garin geron nan da ke yawo a cikin kunu, in ya sha zafi ya kumbura, shi ke riƙe ruwan ya sa shi tafiya sannu. Ga shi yana ƙara kauri muddin yana hucewa, don haka sai in tsaya a kansa ina ɗaga ludayi, in na ga yana sauka kamar zuma in ruga da shi. Rubutun liman ma a ciki muka riƙa zubawa.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, har bakinsa ya ɗan buɗe, har ya ga yarona yana bin awaki. Abin ya koya mini in riƙa duban majiyyaci kafin in dubi abin da aka saba yi masa.

Sai dai bai sake shan ruwa zalla ba har ya koma ga Allah, kuma wannan bai daina yi mini ciwo ba. In zai yi alwala ni ke riƙe masa buta. Ya zo kurkure baki sai ya lumshe ido, ya riƙe ruwan a bakinsa ya daɗe, ni kuma ina tsaye ina tsoron kada ya haɗiye. Sannan ya sunkuya ya zubar.