Ranar da Abdulƙadir Mai Walda Ya Zauna

A bakin rafin da ake jan yashi a bayan Karshi, ba wanda zai rantse ya taɓa ganin Abdulƙadir mai walda a zaune. A tsaye yake cin tuwo, a tsaye yake shan shayi. Wanzaminsa ma cewa yake askin Abdulƙadir sai kashi-kashi, don kafin a gama gefe ɗaya waya ta yi ƙara, mutumin ya miƙe. Bazazzagi ne. Ya shigo Abuja yana saurayi, ya fara da waldar ƙofofi da tagogi a Zuba, inda har yanzu matarsa Indo take da yara. Daga baya yashi ya ja shi Karshi, can ɗaya ƙarshen Abuja, sai dai ya leƙa gida in aiki ya sake shi.

Aikin kuwa ba ya saki. Injin jan yashi yakan zuƙo ruwa da yashi daga ƙasan rafi ya watso su tudu, kuma abin da ke wannan jan wata farfela ce ta ƙarfe da ke juyi a cikin famfon. Yashi na cin ƙarfen nan kamar gara ta samu azara. A saka ta da kaurinta, kafin mako ya zagayo ta siranta kamar tsohuwar wuƙar mahauci. Sai a kira Abdulƙadir ya kwance ta, ya cike da walda mai tauri, ya goge, ya mayar. Ya sa raga a bakin tiyo don tare tsakuwa, abin ya ɗan yi sauƙi. Ya taɓa liƙa mata robar tsohuwar taya, famfon ya tofo robar tun kafin azahar.

Ana cikin haka babbar 'yarsa Yusra ta sauke Alƙur'ani, aka sa walima ranar Asabar. Ranar sunan ƙaninta, sai da aka cinye ragon sannan Abdulƙadir ya iso, kuma yarinyar ba ta manta ba.

"Baba," ta ce masa a waya, "in ban gan ka kan tabarma ba, allon zan ajiye."

Indo ta karɓi wayar. "Malam, ka dai ji. Kuma ba zuwa kawai ake nema ba, zama ake nema."

Asabar ce ranar da tifofi suka fi yin layi, ita ce kuma ranar da farfelar Oga Zacharias ta saba mutuwa. Zacharias shi ne mai injin da ya fi ba shi aiki, mutum mai tumbi da fara'a, wanda in injinsa ya tsaya yakan kira waya har batir ya ƙare. Abdulƙadir ya san maganin tun tuni. In aka rage gudun famfo, yashin ba zai riƙa dukan ƙarfe da ƙarfi haka ba, farfela ta daɗe. Ya sami Zacharias a ƙarƙashin rumfa, ya faɗa masa yana zagaya kujerarsa.

"Oga, rage totur. Dubi tulin yashin nan, ko rabinsa ba ka sayarwa a rana."

"Malam, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Zacharias. "In rage totur, wa zai ji ni?"

Gaskiyarsa. Direbobin tifa na wajen suna da al'adarsu. In sun iso mararraba sai su kashe mota su kasa kunne, injin da ya fi ruri can suke nufa, wai shi ne mai yashi. Saboda haka kowane mai inji yake murɗa nasa har ƙarshe, ƙarfe na narkewa, kowa na murna.

Abdulƙadir ya yi ta safa da marwa a bakin rafi. Ya je gindin mangwaro ya dawo, ya ɗauki guduma ya ajiye, ya sayi rake ya manta bai sha ba. Ran Alhamis da hantsi sai ga wani ɗan acaɓa yana hawo gangaren da buhunan gawayi, salansar babur ɗinsa ta fashe. Ƙara kamar jirgi zai tashi, tafiya kuwa ko akuya ta wuce shi. Abdulƙadir ya tsaya cak yana kallo, har masu lodin yashi suka tambaya ko lafiya.

Kafin la'asar ya cike farfelar, ya kwance salansar injin Zacharias ya jingine ta a rumfa, ya rage totur ya ɗaure da waya. Da aka tayar, tsuntsayen rafin suka watse. Leonard, mai kula da injin, ya tsinke soson kujera ya cusa a kunne. Zacharias ya fito da gudu yana magana, bakinsa kawai ake gani yana motsi. Abdulƙadir ya nuna masa totur, ya nuna masa hanya. Tifofi ne ke gangarowa a jere, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Zacharias ya dube su, ya dubi salansar, ya tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa.

Ran Asabar Abdulƙadir ya isa Zuba da farar shadda da cikakken aski. Tun a ƙofar ɗaki Indo ta miƙa hannu.

"Kawo wayar, Malam."

"In farfelar ta..."

"Ta mutu, Allah ya ji ƙanta. Kawo."

Ya zauna kan tabarma a sahun iyaye. Gwiwarsa na rawa, hannunsa na laluben aljihun da ba komai a ciki. Da Yusra ta fito da allonta, sai da ta bi sahun da ido ta same shi, sannan ta yi bisimilla. Ta shiga karatu. Bai san lokacin da gwiwar ta daina motsi ba. Yana nan har aka shafa fatiha.

Bayan an ci abinci Indo ta mayar masa da wayar. Saƙon murya ɗaya ne daga Zacharias, yana ihu a cikin wani irin ruri. Farfela lafiya lau, ko ɗumi famfon bai yi ba. Sai dai duk masu injin rafin sun cire salansarsu, direbobi sun tsaya a mararraba sun rasa inda za su nufa, kuma mai unguwa yana neman wanda ya fara.

Abdulƙadir ya fara laluben takalmi. Yusra ta zo ta ɗora masa allon a cinya.

"Riƙe min, Baba, hoto za a ɗauka. Kuma mai hoton bai iso ba tukuna."

Ya dubi allon, ya dubi ƙofa, ya gyara zama.