Tabon da Gadu Ya Bar wa Maigida Tanimu

Ina tsakiyar zuba dabino a leda, hantsi bai gama ɗagawa ba, wayata ta yi ƙara. Yasir ne, babban ɗan Maigida Tanimu, mai kirana Ammi, wato baffa da Larabci. Ya fara da Larabci kamar yadda ya saba, sai ya koma 'yar Hausar da yake da ita: "Ammi Hamisu, Baba ya tafi. Bayan sallar Asuba." Na yi salati, na zauna a kan buhu. Ban san na daɗe a zaune ba sai da maƙwabcina mai sayar da carbi ya zo ya ja mini ƙofar shago.

Mutanen Makka sun san shi da Tanimu mai arabiyya, wato keken turawa, dogon dattijo mai ɗan ɗingishi, wanda ya kwashe shekaru yana tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. Sun san ba ya gudu da tsohuwa don ya koma ya ɗauki wata, kuma idan ta manta addu'a yakan sunkuya ya karanta mata a kunne. Lokacin aikin Hajji a Arfa za ka same shi, yana jan ƙanƙara zuwa tantuna, kuma kullum shi ne ƙarshen ayari, don ya ga wanda ƙafa ta gaza. Ni kaɗai nake ce masa Maigida, alhali bai taɓa ɗaukata aiki ba. In an tambayi dalili shi ya yi murmushi, ni in kau da zance.

A ɗakin wankan gawa na masallacin unguwarsu, mai wankan ya ce mutum biyu na jiki su shigo su kama masa. Muka shiga ni da Yasir. An rufe mamacin da mayafi mai kauri daga cibiya zuwa gwiwa, hannu kaɗai ke shiga ƙarƙashi, naɗe da ƙyalle. Yasir na cuɗa cinyar dama sai na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya sake bi a hankali, tun daga gwiwa har kusa da ƙugu, ya ɗago ya dube ni.

"Ammi, menene wannan? Kamar an tsaga shi an ɗinke. Mu ce mana ya yi ciwon gona ne."

Mai wankan ya yi gyaran murya, ya ce abin da aka tarar a ɗakin nan a nan ake barinsa. Na ce, "Gama wa mahaifinka wanka, ɗana." Ya gama, muka kai shi Harami, aka sallace shi bayan Azahar cikin dubban mutanen da ba su san ko sunansa ba. Amma na ga idon yaron, na san tambayar ba ta bi gawar zuwa kabari ba. Ni kuwa akwai alkawari a wuyana, sai na koma baya kafin a gane nauyinsa.

Ni da shi 'yan ƙauye ɗaya ne, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Dindir, ƙasar Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Hajji, damina ta riske su, suka kama noma. A kasuwa na tashi ina awon sukari, ban san gaban fartanya da bayanta ba. Mahaifina ya rasu ya bar mini gonar gyaɗa da dankali, ga matata da tsohon ciki. A daminar nan gadu ya sa mu gaba, wato aladen daji mai haure. Garke guda zai shiga kunya ya bi ta da hanci, ka wayi gari ka tarar kamar an yi maka huɗa ba ka roƙa ba. Abincin shekararmu ke nan yake tafiya ina kallo.

Kowa na yi wa kuka sai ya ce, je ka ga Tanimu mai karnuka, yana faɗa yana yamutsa fuska. Da damina kowa ɗan'uwansa ne, da rani kuwa in ya nufo majalisa sai a janye tabarma. Na sayi mashi sabo fil a kasuwa, na tafi gidansa a ƙarshen gari ina taƙama. Ya dubi mashin, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Jingine shi can," in ji shi. "Wanda bai san muryar karensa ba, mashi kaya ne kawai a hannunsa."

Ya miƙo mini ƙwaryar dusa da ƙanzo. Ni magidanci guda, da gemuna, aikina na farko a farauta shi ne dama wa karnuka abinci. Na ji haushi ƙwarai, amma yunwa da ke tafe ta fi haushin ƙarfi. Ya haɗa ni da wani baƙin kwikwiyo mai manyan ƙafafu, Duna, ya ce in ciyar da shi da hannuna, in kuma bar shi ya riƙa bin tsohuwar karyarsa Gwamma, don a cewarsa kare ne ke koya wa kare, namu kawai kada mu ɓata.

A hankali ya buɗe mini aikin. Akwai karnuka masu bin sawu, su tsayar da gadu da haushi, akwai masu kamu, waɗanda ake ɗaura wa fatar sa mai kauri a wuya, kuma ba a sakinsu sai mutum ya iso. Yakan tsayar da ni a tsakiyar daji ya ce in rufe ido in faɗa masa wa ke haushi, kuma sawu ya gani ko dabbar ce a gabansa. Yakan ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta dosa. Daga sallar Asuba muke fita, mu dawo kafin rana ta yi zafi, kuma ba ya kai gora bakinsa sai karnuka sun sha. Allura da zare ba sa rabuwa da hularsa, domin ɗinkin karen da haure ya taɓa.

Masu janye tabarma ba su san tsabtarsa ba. Tufafin daji daban suke, a kan bishiya yake rataye su bayan gida, ya yi wanka, ya sa farar riga, ka same shi a sahun gaba. Bai taɓa kai naman bakinsa ba, bai kuma taɓa sayarwa ba, ko da leburorin gona da ba Musulmi ba suka nema. Karnuka su ci nasu, saura a haƙa rami mai zurfi a binne. "Ba nama na fito nema ba," yakan ce, "tuwon mutane nake gadi."

Doka ɗaya ce ya fi nanata mini. Idan aka matsa wa gadu, ramin dabgi yake nema, ya shiga da baya, gindi ciki, haure waje. In ya tashi fitowa kuwa, kamar turmin da aka gangaro daga tudu yake. Saboda haka ba a tsayawa a bakin rami, a samansa ake tsayawa, ta baya. Na haddace wannan kamar sunana.

Ranar da ya fara yarda in riƙe mashi, karnuka suka kora wani ƙaton namiji cikin rami a gefen gonata. Muka hau sama kamar yadda aka koya mini. Duna, da zafin ƙuruciya, ya kutsa kai ciki, sai na ji ya yi wata ƙara. Karen da na raina da hannuna ne. Ban san lokacin da na yar da mashi na diro ba, na durƙusa a bakin ramin na kama ƙafafunsa na baya ina ja. Na ji ƙasa tana gurnani. Maigida ya diro ya bangaje ni da kafaɗa, ni da kare muka wuntsila gefe, hauren da ya nufo cikina ya samu cinyarsa.

A kan gadon igiya muka kai shi gida. Ruwa ya cinye hanyar asibiti, sai wanzamin gari ne ya ɗinke shi, maza huɗu na danne da shi. Da ya samu sauƙin magana na je na tsuguna, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Ka yi wauta, Hamisu, amma irin wautar da nake so. Wanda zai durƙusa don karensa, shi zan bar wa nawa." Ragowar daminar ni na fita da karnukansa yana kwance, ina gadin gonata da gonakin masu janye tabarma duka. Muka cire gyaɗa, aka haifi 'yata Rabi da kaka, akwai abinci a rumbu.

Shi ya riga ni zuwa Makka, bayan ƙafar ta hana shi daji. Da na biyo baya, a ɗakinsa na unguwar Nakkasa na sauka, can saman dutse, inda ake hawa da jarkar ruwa a kafaɗa. Shi ya kai ni wurin mai dabinon da na koyi sana'a a hannunsa. Ko da aka rushe unguwar muka watse, bai taɓa barin Juma'a ta wuce bai neme ni ba. Babu kare a rayuwarsa ta nan, sai dai kullum akwai gwangwanin ruwa a ƙofarsa saboda kyanwoyin layi.

A Nakkasa ɗin ne ya ɗaure ni. Wata rana Yasir ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga, yara sun yi masa gorin baƙar fata da asali. Ina cikin ba da labarin Gwamma ina dariya, Maigida ya ja ni waje. "Yaran nan suna da abin da ake yi musu gori da shi," in ji shi. "Kada mu ƙara musu da kare da alade. Ka bar wannan zance a Dindir." Na ce na bari. Na kuwa bari, har 'ya'yan suka girma suka yi nasu 'ya'yan, suna ganin mahaifinsu mai tura keke ne kawai wanda gona ta taɓa ji wa ciwo.

Ranar ƙarshe ta zaman makoki, bayan La'asar, kafin a jera kujeru a fara zuba gahawa, Yasir ya ja ni zauren gidan. Mahaifiyarsa, Hajiya Zulai, tana bayan labule cikin takaba. Ya ce, "Ammi, wallahi ba na iya barci. Dukansa aka yi? Ko wani laifi ya yi a can aka hukunta shi, shi ya sa ya ɓoye?"

A nan na ga inda shirun ya kai mu. Maigida ya yi shi ne don ya kare yaro daga gori, ga shi yanzu yaron ya zama magidanci yana zargin kabarin ubansa. Na ce a raina, Maigida ka yafe mini, aibi aka ce mai wanka ya rufe, wannan kuwa ba aibi ba ne. Na faɗa masa duka, da karnukan, da aladen, da ramin, ban rage komai ba. Na ce masa cikin nan nawa da yake gani, da Rabi da 'ya'yanta, duk a kan cinyar nan muke tsaye.

Na fara tsoron ko na yi ɓarna. Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Ni na dafa ruwan gishirin da aka wanke ciwon. Ina amarya." Yasir ya share fuska da gefen rawaninsa, ya dube ni.

"Karen fa, Ammi? Ya rayu?"

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini, wanda ban yi ba a Harami, ban yi ba a maƙabarta. Na ce ya rayu, har ya tsufa, kunne ɗaya kawai ya rasa. Na kuma faɗa masa cewa ranar da mahaifinsa ya farfaɗo daga ɗinkin wanzami, kafin ya tambayi ƙafarsa, abin da ya fara tambaya ke nan.

Yasir ne ya ce in rubuta, da Hausa, zai nemi mai karanta wa 'ya'yansa ya fassara musu. Ga shi na rubuta, ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da bawan nan nasa.

Ya Allah, ga Tanimu ya zo maka, baƙo a ƙasar Ɗakinka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi dausayi. Ya tare wa bawanka haure da jikinsa, Ka tare masa wuta da rahamarka. Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinka marasa baki kafin kansa. Ka ba Hajiya Zulai haƙuri da lafiya, Ka riƙa wa Yasir da ƙannensa, Ka sa su ɗaga kai in an ambaci mahaifinsu. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.