Akwatin Manaja

Duk unguwar babu wanda ya kai Mai Gilashi ƙin datti. Tun yana saurayi yake yankan gilashin taga da na kanta, kuma in ya gama goge aikinsa, ƙuda sai ya yi karo da shi ya suma kafin ya gane akwai abu a wurin. Tsumma ba ya sauka daga kafaɗarsa. An ce ranar da aka miƙo masa ɗansa na fari ma, sai da ya goge goshin jaririn sannan ya karɓa.

To, wannan mutumin ne ya ƙulla abota da kwaɗo.

A bayan shagonsa ya gamu da shi, wani ƙato mai ƙuraje a baya da tumbi har ƙasa. Kullum da la'asar sai ya fito ya zauna a bakin ƙofa, bai taya aiki ba, bai kuma tafi ba, yana ƙare wa Mai Gilashi kallo kamar mai jiran a kawo masa rahoto. Shi ya sa ya raɗa masa Manaja. 'Ya'ya sun girma sun watse, ciniki ya ja baya, sai hira ta koma tsakaninsa da Manaja, wanda bai taɓa yi masa musu ba.

Ana nan sai mai ginin ya ce zai malale bayan shagon da siminti. Mai Gilashi bai yi shawara da kowa ba, ya saka abokinsa a bokitin fenti ya kai shi gida. Matarsa ta leƙa bokitin, ta dubi mijinta, ta tambaya ko a wane ɗaki baƙon zai sauka, kuma da man shafawa ya zo ko a ara masa.

Ya ce ta jira ta gani. Ya yanko gilashi mai kauri, ya haɗa akwati da gam, babu kafar da ko tururuwa za ta bi. Ya shimfiɗa farin tayil a ƙasa, ya yi murfin gilashi da 'yan huji a jere, ya ɗora fitila a kai, ya girke shi a tsakiyar falo. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Wani ya rantse ɗakin tiyata bai kai shi tsabta ba.

Sai dai Manaja ya ƙi cin abinci. Aka jefa masa gyare, ya kau da kai. Aka kawo tana, ko motsi. Kyankyaso ma, da Mai Gilashi ya ɗauraye shi tukuna, sai ya hau kan Manaja ya yi zamansa. Tumbin nan da ake tinƙaho da shi ya fara saki kamar tsohuwar jaka. Kwaɗo ya cusa hanci a kusurwa ya lafe, Mai Gilashi kuwa, da ya rasa ta yi, sai ya ƙara goge akwatin.

Ranar nan matar ta ajiye masa shayi ta ce, “Baban yara, ni fa ba zan zauna ana kashe bawan Allah da yunwa a falona ba. In mako ya fita bai ci ba, ka kai shi kwata.”

Ya san kwatar: ruwan sabulu ne da baƙin mai. Manaja ba zai wuni a ciki ba.

Washegari ya ɗaga murfin ya sunkuya zai goge tayil, tsumman ya zame ya faɗa ciki. Kafin ya kai hannu, kwaɗon da ko ƙafa ba ya ɗagawa ya rarrafa da sauri ya shige ƙarƙashinsa ya ɓace. Mai Gilashi ya yi tsaye baki buɗe. Shi duk rayuwarsa aikinsa ya sa a ga abu sarai, ga shi ya ɗauko halittar da babu abin da take so kamar kada a gan ta.

Da gudu ya isa shago, takalmi ɗaya a ƙafa in ji masu gani. Ya tarar leburori na kwaɓa siminti. Ya ratsa su ya durƙusa cikin fararen kayansa, ya dinga kwasar danshin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da hannu yana cika bokiti, ya haɗa da wani fasasshen kasko. Leburorin suka ɗauka zinariya ya binne a wurin.

A gida ya runtse ido ya juye ƙasar a kan farin tayil. Ya kifa kaskon ya zama kogo, ya nutsa faranti mara zurfi ya zuba ruwa. Ya cire fitila, ya maye murfin da ragar waya, sannan ya rufe gefe uku na gilashinsa mai tsada da kwali. Matar ta kira ƙanwarta a waya ta ce ta zo da sauri, yau mijinta ya shigo da bola falo da kansa.

Manaja ya tona da ƙafafun baya, ya nutse cikin ƙasa da baya da baya, sai idanu kaɗai a waje. Da yamma Mai Gilashi ya saki gyare ɗaya. Gyaren ya yi tsalle, ƙasa ta motsa, sai babu gyare. Aka sake sakin wani, shi ma haka.

“Kin gani ko, Maman yara?” in ji shi, murya na rawa. “Ya ci.”

Ta ce ta gani, ba sai ya yi kuka ba, ya matsa ta ba Manaja na uku.

Maganar kwata ba ta sake tasowa ba. Yanzu duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai an zaunar da shi gaban akwatin ƙasa, ya yi ta leƙe bai ga komai ba. In ya gaji ya tambaya ina kwaɗon, sai Mai Gilashi ya gyara zama, ya harɗe ƙafa, ya ce yana ciki, ya ƙoshi, ba ya ganin mutane yau.