Ranar da Na Shafe Shanun Baffa

A 'yan gyaran kwamfuta na layinmu a Sabon Garin Gusau, ni kaɗai ke aiki da manhajar nan ta kyauta mai hoton wani tsuntsu kamar agwagwa, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Kuma ina ji da kaina a kan haka, ba zan ɓoye ba. Sauran, ko me ka kawo musu, magani ɗaya suka sani: a goge komai a sake zubawa. Nakan zauna bakin shago ina yi musu tsiya, ina kiransu mahauta.

Wata Talata da hantsi wani malamin dabbobi daga Bunguɗu ya shigo, kwamfutarsa a hammata. Ni na zuba masa manhajar shekarun baya. Wani dattijon Bafulatani na biye da shi, dogo, siriri, ya ƙi kujera ya tsuguna a bakin ƙofa. Baffa malamin ke ce masa, ni ma na bi.

Malamin ya yi mini bayani a tsaye. Rugar su Baffa tana bayan Rawayya, bara ɓarayi suka kore masa garke kaf. Yanzu an ƙwato wasu shanu ta wajen Tsafe, kuma wanda ya je ya gani ya rantse akwai na Baffa a ciki. Masu rabon sun ce ranar Alhamis kowa ya zo da shaidar da ido zai gani, don masu cewa nasu ne sun fi shanun yawa. Shi kuwa malamin, duk rigakafin da ya je yi sai ya ɗauki hoton kowace saniya da tambarinta, mai ita tsaye a gefe. Hotunan na cikin kwamfutar, wayar da ya ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa, ga kwamfutar ta ƙi tashi.

Na kunna. Baƙin allo, rubutu na gudu, sai ya cije. Na kara kunne na ji faifan ajiyarta na ƙas-ƙas a ciki.

Na ce, "Faifan ne ke mutuwa, amma da sauran numfashi. Da wajen mahautan can kuka kai, da yanzu an gama da ku."

Baffa ya ce, "Malam, suna ciki dai?"

Na ce, "Suna ciki, Baffa. Kamar sun dawo gida."

Aikin ba baƙo ba ne a wurina. Faifai mai ciwo ba a wahalar da shi, kwafe shi ake yi ɗungurungum zuwa sabo, sannan a yi bincike a kan sabon. Na ciro shi, na jona shi da wani sabo fil a babbar kwamfutar shago. Ita manhajar ba ruwanta da tsoho ko sabo, wanda ya fara farkawa shi take lissafawa a gaba. Na duba da kyau: na kwamfutar shago ne na farko, na malamin na biyu, sabon na uku. Na rubuta umarni a kwashe na biyu a zuba a na uku. Ya fara tafiya a hankali, yana yi yana tsayawa.

Ko rabin awa ba a yi ba aka ɗauke wuta.

Wannan ba labari ba ne a Gusau. Hannuna ya riga ya saba: in ja janareto, in kunna kwamfuta, in danna madannin da ke dawo da umarnin ƙarshe, in ce tafi. A yini nakan yi haka sau uku. Haka na yi ranar, ina yi ina ba malamin labarin wani da ya kawo mini firinta da gyaɗa a ciki.

Sai aiki ya kama gudu. Har na ce, "Kai, ka ga faifan ya warware!" Muka ci gaba da hira, na aika aka kawo wa Baffa fura. An daɗe kafin wani abu ya taɓa ni: faifan da ke ƙas-ƙas ɗazu, yaushe ya samu wannan lafiyar? Na duba jerin sunayen.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da wuta ta dawo, sabon ne ya riga farkawa ya zama na biyu, mai ciwon ya makara ya koma na uku. Tun ɗazu fanko nake kwasa ina shimfiɗawa a kan hotunan.

Na fizge wayar wuta. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ni, ni da bakina na mahauta!

Malamin ya ce, "Lafiya?"

Na so in ce faifan ne ya ƙarasa da kansa. Ba wanda zai gane. Amma Baffa ya ajiye kwanon fura yana dubana, sai na ji gaskiya ta fito: "Na goge. Da hannuna na goge."

Malamin ya dafe kai ya zauna a kan janareto mai zafi bai ma ji ba. Baffa bai gane ba tukuna. Ya ce, "To a maido su mana."

Ranar Laraba ban karɓi aikin kowa ba. Na saka manhajar tono ta bi ƙarshen faifan inda gogewar ba ta kai ba. Ta tono tarkace iri-iri, takardun ofis, hotunan suna, rabin fuskokin mutane. Na tsince na shanu ɗaya bayan ɗaya, na samu tara da Baffa a ciki. Har na ɗan ji sanyi, na ce ko tara aka ba shi ai an rage.

Da la'asar suka dawo. Na jera wa Baffa su a allo. Ya matso har hancinsa na kusan taɓa gilashi, yana kiran kowace da sunanta, yana faɗin uwarta. Ya kai ta tara ya koma ta farko.

Na ce, "Baffa, gobe sai a kai waɗannan."

Ya ce, "Wa za a kai ma? Waɗanga na rigakafin farko ne. Biyar ciwon huhu ya kashe, huɗu na sayar da hannuna tun kafin ɓarayi su zo. Babu ko guda a Tsafe."

Na rasa inda zan sa idona. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ba da faɗa ba. Ya nuna wata fara mai dogon ƙaho.

"Wanke mini wagga a takarda," ya ce. "In samu abin da zan nuna ma yara."