Malam Junaidu da Zaɓen Makewayi

A unguwarmu ta Jega, idan mutum ya tsaya yana jujjuya kaya a shago ya ƙi saye ya ƙi tafiya, sai a tambaye shi ko jikan Malam Junaidu ne. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni nake yi wa matarsa Inna Ramatu kitso tun gashinta yana baƙi. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

A Gumbin Kure aka haife shi. Bai yi nisa a allo ba mahaifinsa ya rasu, sai ya bi motar albasa zuwa Aliero ya kama dako. Yana ɗaukar buhu yana kasa kunne, har ya zama dillali, kuma dillalin da ake jira. Zai ɗauki albasa ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya ce wannan za ta kai Legas lafiya, waccan kuwa kafin Kontagora ta fara ruwa. Fataken kudu sukan bar mota tana jira har sai ya iso. Da wannan yatsan ya gina gida a Jega, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka.

Matsalar ita ce yatsan ba ya zama a kasuwa, gida yake biyo shi. Bokiti, rediyo, tabarma, ko tukunyar miya ce, sai ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya tafi ya kwana a kai, ya dawo ya sake ƙwanƙwasawa. Masu shago idan sun hango shi sukan tuna ba su yi azahar ba. Amma a ba shi haƙƙinsa, abin da ya saya ba ya mutuwa. Kekensa ya girme ni, kuma har yau yana tafiya.

Inna Ramatu 'yar garin Sarandosa ce, auren zumunci, irin matan da ba sa kama sunan miji ko da wasa. Idan ta ɗauki buta za ta kewaya ta tarar yana tsakar gida, sai ta ajiye butar ta ɗauki tsintsiya, ta yi ta sharar wurin da ta riga ta share har ya fita. Shi kuma yana alfahari da wannan. Yakan ce a dakalin ƙofar gidansa, inda dattawan unguwa suke wuni, matan yanzu ba su san kunya ba, a zo gidansa a gani.

A markar bara tsohon masan gidan ya rufta. Ruwa ya ci ƙasan daɓen, Inna Ramatu ta taka, ƙafa ta zurma, ƙugu ya karye. Aka kwashe ta sai Aliero wurin masu ɗori, ta yi makonni a can. Allah ya sa ƙashi ya kama. Ta dawo tana takawa da sanda, sai dai ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa, zama ma sai a kan kujera mai tsayi.

Malam Junaidu ya ji zafin faɗuwar nan ƙwarai, wannan ba zan ƙaryata shi ba. Ya sa aka cike ramin, ya rantse ba za a sake gina abin wasa a gidansa ba, sai makewayin da jikokinsa za su gada. To, a nan aka shiga uku, domin har ta dawo ba a aza bulo ɗaya ba. Malam yana zaɓe.

Shi dai ba ya cikin gaggawa. Masallaci yana da makewayi, kasuwar Aliero tana da nata, namiji duk inda ya juya akwai inda zai raɓa. Ita kuwa sai ta tsallaka titi zuwa gidan Malam Zacchaeus, malamin sakandare mutumin Zuru, wanda matarsa Rifkatu take aikin jinya kuma suke ɗasawa da Inna. Gidansu yana da makewayi na zaune, ya yi mata daidai. Amma kafin ta isa sai ta ratsa ta gaban dakalin nan, da sanda a hannu ɗaya, buta a ɗaya, a gaban mijinta da abokansa. Matar da take ajiye buta saboda mutum ɗaya, yaya za ta yi da dakali guda? Sai ta mayar da fitar ta zama sau ɗaya, da asuba, lokacin da maza suke sahu. Sauran wunin kuwa ta nemo masa dabara: ta rage ci, ta rage sha.

Malam ya fara bincikensa daga gidan Zacchaeus ɗin. Ya shiga da babbar rigarsa ya zauna a kan tangaran, ya girgiza hagu ya girgiza dama, ya ɗaga murfin tankin ya leƙa. Da ya ga 'yar ƙwallon roba tana yawo a kan ruwa sai ya tsuke baki.

"Malam Zakka, abin ga na roba shi ka riƙon ruwan? In ya lalace hwa?"

"Sai a canza, Baba. Mun taɓa canzawa, ba wuya."

Shi ke nan, na zaune ya faɗi jarrabawa. Abin da aka taɓa canzawa ba ya shiga gidan Malam Junaidu, balle abin da yake jiran ruwan famfo, wanda a unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa.

Daga nan ya bi shagunan Jega ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Birnin Kebbi. Ya ƙwanƙwasa da zobe, ya auna kauri da yatsa, wani ma ya cire takalmi ya hau ya yi tsalle a kai mai shago yana salati. Ya tambayi liman inda ya kamata a fuskantar da shi don kada a ba alƙibla gaba ko baya. Ya zaunar da Ɗanlami magini a kan zurfin sokawe da irin bututun da ba ya toshewa. Har direbobin manyan motoci ya tambaya, wai su ne suka ga makewayin duniya. Duk wanda ya tambaya namiji ne mai lafiyayyun gwiwoyi biyu.

Ana cikin haka ya lura matarsa ba ta taɓa kwanon rana, sai ya samo wa abin fassara mai daɗi. Ina jin sa ta kan katanga yana gaya wa dattawa:

"Tun da tah hwaɗi tak koma ga Allah. Litinin azumi, Alhamis azumi, yanzu har Talata ba ta bari. Ni kaina kunya taka ba ni."

Suka yi ta Masha Allah. Ni kuwa da nake riƙe kanta tsakanin gwiwoyina ina kitso, ina ganin wuyan yana ƙanƙancewa, leɓe duk ya tsage. Raina ya ɓaci, na ce Inna, bari in aika a gaya masa. Ta damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke ɗiyag ga, ki ruhwa min asiri. Zancen bayan gida nika kai ma Malam da tsuhwana? In kinka hwaɗi, ban yahe ba."

Haka ta ɗaure Rifkatu ma. Matan unguwa kaf mun sani, mazan unguwa kaf ba su sani ba, kuma kowa yana ganin ladabi yake yi. Har yau idan na tuna sai in ji haushin mu duka.

Sai da aka yi kaka, aka fara dashen albasa, sannan Malam ya yanke hukunci. Na tsugunne ya zaɓa, farin tangaran mai kauri, babu roba, babu murfi, babu abin da zai lalace, buta ɗaya ta wanke shi. Aka yi sokawe mai zurfi, aka manna tayil, aka sa ƙofar ƙarfe. Gaskiya ya yi kyau. Ya kira 'yan dakali suka shiga bi da bi suna leƙawa kamar ɗakin amarya, shi kuma yana tsaye yana bayani.

Da suka watse ya ce wa Inna ta je ta gani. Ta ja sanda ta shiga, ta rufe ƙofa, ta daɗe. Ta fito ta ce, "Allah shi saka da alheri, Malam. Ya yi kyawo."

Washegari da asuba na ji ƙarar sandarta tana tsallaka titi. Sai dai yanzu abin ya fi na da muni. Da can kowa ya san gidan ba makewayi. Yanzu kuwa duk wanda ya gan ta da buta a ƙofar Rifkatu zai ce ta raina abin da mijinta ya yi wata da watanni yana zaɓa mata. Sai ta fara tsallake wasu asubahin ma. Ruwa ya koma kurɓa ɗaya, don haɗiye magani.

Ranar wata Juma'a na shiga na tarar da ita kwance jiki kamar wuta, ba ta gane mutane sosai. Rifkatu ta zo ta duba, ta sa mata ruwa a jijiya, ta ce idan aka ci gaba a haka ƙoda za ta tafi. Ta buga wa Ummukulsum waya, 'yar Inna da take aure a Maiyama, ita kuma ta zo da mota ta tafi da uwarta. Malam ya tsaya a ƙofa yana cewa ai yawan azumi ne, ya sha gaya mata ta sassauta.

A nan Rifkatu ta karya alkawari, Allah ya yi mata albarka. Ta bi shi har zaure, ta rusuna, ta yi magana a fili irin ta ma'aikatan asibiti.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙafar Inna ba ta lanƙwasuwa. Ba ta iya tsugunno, ko sau ɗaya ba ta yi amfani da sabon nan ba. Ba azumin lada take yi ba, tsoron fita take yi."

Malam ya ce, "To mi yah hana ta hwaɗi?"

"Da wane baki, Baba? Ku ne kuke yabonta a dakali don ba ta faɗin irin wannan."

A ranar ya shiga shagon da ya fi kusa, ya nuna na zaune da sandar hannunsa, ya ce a ɗora a amalanke. Bai ƙwanƙwasa ba, bai ɗaga murfi ba, har mai shagon ya bi shi waje yana tambaya ko lafiya. Ɗanlami ya sha wahala kafin ya fasa na tsugunnen, yana dukansa da guduma yana yaba wa wanda ya zaɓe shi. Aka kafa sabon, aka sa ƙarfen dafawa a bango, aka ajiye randa a gefe saboda famfo.

Da aka gama ya shirya zuwa Maiyama. Na bi motar, don in kai wa Inna zannuwanta.

Mun tarar da ita a inuwar ɗaki, zaune a kan kujerar roba, da kwanon tuwon shinkafa a cinya, ga babban kofin ruwa a gefe. Tun da aka kawo ta gidansa bai taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba, domin irinsu ba sa ci a gaban miji. Na jira ta ture kwanon ta ja mayafi. Ta dube shi, ta gaishe shi, ta ci gaba da ci. Ta side miyar da ta gangaro mata a hannu, ta ɗaga kofin ta shanye tas, yana tsaye yana kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Na ga idonsa ya cika, na kau da kai.

"Hajiya," in ji shi, "an gyara. Na zaune anka sa. Ki taso mu tai gida."

Ta gutsuro wata lomar, ta dangwala a miya.

"Ina tahe, Malam. Bari dai in ƙoshi tukuna."

Ya nemi wuri a ƙasa, bakin ƙofa, ya zauna da babbar rigarsa a kan turɓaya. Ya kira Ummukulsum ya ce ta ƙaro wa uwarta tuwo.