Yadda Ba-Birki Ya Rage Gudu

A tashar manyan motoci ba wanda ya san shi da sunan yanka. Ba-Birki ake ce masa tun yana saurayi yana jan tirela, kuma sunan bai sake shi ba har furfura ta cinye gemunsa. Ba wai ya taɓa kaɗe wani ba ne. Har ya ajiye tuƙi ko akuya bai taka ba, kuma yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shi dai mutum ne da ba ya son ganin mota a gabansa.

Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida ya zame wa matarsa aiki. Ya kwance fankar falo ya ɗaura. Ya kwance famfon banɗaki ya ɗaura, ƙusoshi suka yi saura, ya ce dama don ado kamfani ya sa su. Matar tasa, wadda unguwa ke kira Inna Tela saboda shekarun da ta yi tana ɗinki a shagon bakin titi, ta dube shi wata rana ta ce, "Malam, ko gadi ne ka nema mana, mu ma mu huta."

Abu ɗaya ne ya daɗe bai taɓa ba a gidan, wato rauta, 'yar farar na'urar intanet da ke kan kabad a falo, mai ƙananan fitilu kore. Ta tsohuwar wayar tarho take samun layi, wayar da ta taso daga falwaya ta bi katanga ta shigo ta saman taga. Ɗansu ne ya kafa ta, a shekarar da ya rasu. Bayan rasuwarsa, matarsa ta ɗauki 'yarsu ƙarama ta koma garinsu mai nisa, ta sami aikin jinya a asibiti. Duk da wahalar aikin, ta ware musu yammacin kowace Asabar, tana kiransu ta bidiyo su ga jikarsu. Yarinyar ba ta rufe baki, shi ya sa kakan ya raɗa mata Aku.

Kowace Asabar tsarin ɗaya ne. Ba-Birki ya jingina babbar waya da gwangwanin madara a kan tebur, ya gyara hula kamar mai shirin ɗaukar hoto. Inna Tela kuma ta jawo ƙaramin keken ɗinkinta na lantarki, wanda ba ta buɗe shi sai ranar, ta zauna daga gefe tana ɗinka wa Aku riga. Ta ce lokacin ne kawai take ganin kafaɗar yarinyar, ta san ko ta ƙara faɗi.

Rikicin ya fara ne ranar da Aku ta zubar da haƙorin gaba. Ta matso da baki jikin waya tana cewa, "Kaka, ka ga giɓina?" Hoton kuwa ya yi dishi-dishi, bai ga komai ba sai duhu. Ya ce ya gani, ya yi kyau. Amma abin ya tsaya masa a rai.

Washegari ya tafi wurin amininsa Mai Rediyo, tsohon mai gyaran rediyo da ya koma gyaran waya a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Mai Rediyo ya saurare shi yana hura ƙura daga cikin wata waya, sannan ya ce, "Ka san shuuu ɗin da rediyo ke yi idan tasha ta yi nisa? To kowane layi yana da irinsa. Rautar tana barin tazara tsakanin saƙonta da wannan hayaniya, don kada su cakuɗe. Akwai lamba a cikinta, yawanci shida. Ka rage lambar, gudu ya ƙaru amma layi ya zama mai saurin yankewa. Ka ƙara ta, gudu ya ragu, layi ya tsaya daram. Kamar dai tazarar da kake bari tsakaninka da motar gaba."

"Ni ban taɓa barin mota a gabana ba."

"Shi ya sa nake tsoron nuna maka."

Amma ya nuna masa. Ba-Birki ya dawo gida da saurinsa, ya sa tabarau, ya shiga shafin rautar ta wayarsa, ya mayar da shida uku. Fitilun suka ɗauke suka dawo. Ya gwada gudun, ya ga ya haura. Ya kira Inna Tela daga kicin ta zo ta gani. Ta leƙa ta ce, "To, Allah Ya sa alheri," ta koma wurin tukunyarta.

Duk makon layin ya yi ta gudu ba gargada. Asabar ta zo, hoton Aku ya fito tas, har ya ga giɓin da sabon haƙori na leƙowa. Yana cikin yi mata tsiya, wai ɓera ne ya sace haƙorin, sai fuskarta ta daskare, fitilar rauta ta koma ja. Suka jira ta dawo. Aka sake kira, aka yi 'yan maganganu, ta sake yankewa. Kafin a haɗa na gaba Aku ta gaji ta fice wasa.

Asabar ta biyu ma haka aka yi. A ƙarshenta surukar tasu ta riƙe wayar da kanta, ta ce cikin ladabi, "Baba, ko mu koma saƙon murya? Da ƙyar nake zaunar da ita yanzu. Tana cewa wayar Kaka ta lalace."

"A'a, 'yata, ki ba ni zuwa Asabar mai zuwa," in ji shi. "Matsalar kamfani ce."

Ma'aikacin kamfani ya zo a tsakiyar mako, ya hau falwaya ya sauko, ya ce layi lafiya lau. Wannan ya bar Ba-Birki da tambaya ɗaya: me ke faruwa ranar Asabar da ba ya faruwa sauran ranaku? Ya zauna yana zagaya falon da ido, har idon ya sauka a kan keken ɗinki da ke lulluɓe a kusurwa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sauraron inji, sai yanzu ya tuna cewa kafin kowace yankewa yakan ji ƙugin ƙaramar motar keken.

Ya jira Inna Tela ta fita kasuwa. Ya yaye lulluɓin, ya jona keken, ya zauna ya taka. Keken ya yi ƙugi, fitilar rauta ta yi ƙyafta-ƙyafta ta koma ja. Ya jira ta dawo kore, ya sake takawa don ya tabbatar. Ta sake ɗaukewa. Murna ta sa ya danna da ƙarfi irin na totur, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye. A haka Inna Tela ta shigo da leda a hannu ta same shi.

"Malam! Fanka da famfo ba su ishe ka ba?"

"Mai nake duba miki."

"Da ƙafa ake duba mai?"

Ya bar mata kujerar. Da yamma ya kai wa Mai Rediyo labari. Mai Rediyo ya yi dariya har da tari. "Ai ta zo da sauƙi. Motar keken ce ke watsa hayaniya a cikin wayoyin gidan, kai kuma ka cinye tazarar da za ta shanye ta. Ka ce wa Inna ta ajiye ɗinki na awa ɗaya, ka ci gaba da gudunka."

Da niyyar faɗa mata ya kwana, da ita ya tashi. Ranar Asabar ma ya buɗe baki zai faɗa, sai wayar ta yi ƙara. Aku ta fito tana ba da labarin wata kyanwa da ta shiga ajinsu, ta kwashe da dariya ta jefa kai baya, ido a rufe. Dariyar mahaifinta ce sak. Wannan karon Ba-Birki bai kalli wayar ba, matarsa ya kalla. Ya ga ta sunkuyar da kai kan yadin, ƙafarta ta sauka kan matakin keken, ta bi wani layin ɗinki da ta riga ta gama. Fitilar ta koma ja.

Nan ya gane cewa a cikin ɗinkin take ɓuya duk lokacin da yarinyar ta tuna mata da ɗansu. Sannan ya ɗauki tasa wayar, ya sa tabarau, ya shiga shafin rautar. Ya wuce shida, ya tsaya a tara. Fitilun suka ɗauke suka dawo. Gudun da ya yi makonni yana taƙama da shi ya zube ƙasa da yadda ya same shi tun farko.

"Me kake taɓawa kuma?" in ji Inna Tela.

"Gyara nake yi."

"Allah Ya tsare mu da gyaranka."

Surukar ta sake kira. Hoton ya ɗan yi laushi, giɓin Aku bai fito sosai ba, amma fuskar tana motsi, muryar tana zuwa. Inna Tela ta taka keken. Fitilar ta tsaya kore. Ta sake takawa, ta yi dogon layi har ƙarshen yadin, fitilar ko gezau.

Aku ta gama labarin kyanwa ta shiga na malamarsu. Ta gama ta kawo takalmanta ɗaya bayan ɗaya ta nuna. Ta sa kakarta ta ɗaga rigar da ake ɗinkawa, ta ce aljihu biyu take so, ba ɗaya ba. Ta rera abin da aka koya musu a makaranta, ta ce ta yi kuskure, ta sake daga farko. Uwar ta leƙo ta bayanta da mamaki ta ce, "Baba, yau kam layin ya zauna. Ashe ba sai mun koma saƙon murya ba."

"Ai na faɗa miki," in ji shi.

Shayinsa ya huce, ƙafarsa ta yi sanyi a ƙarƙashin tebur, Aku kuwa ta ce yanzu za ta ƙirga masa duk 'yan ajinsu da sunayen ƙannensu. Ya karkato wajen matarsa ya rage murya. "Tela, yarinyar nan ba ta da niyyar tsayawa fa."

Inna Tela ta ciji zare ta yanke, tana murmushi ba ta ɗago ba. "Kai ka gyara, Malam. Sai ka zauna ka saurara."