Sabi'u Mai Agogo da Kwamfutar Maƙwabcinsa

Duk wanda ya ɗaura agogo a Karaye a shekarun tamanin ya san Sabi'u mai gyaran agogo. Shagonsa na bakin kasuwa, gilashi manne a ido ɗaya, ƙaramar rediyo a gefe. Da rediyo yake saita agogon bangonsa, da na bangon yake saita na jama'a. Mu da muka tashi da ƙararrawar makarantar mishan, wadda ba ta jiran kowa, a wurinsa kaɗai muke samun lokaci irin wancan.

A 1997 Malam Bilya, tsohon akawu, ya kafa kwamfuta a shagon da ke jikin nasa, yana buga wa mutane takardu. Sabi'u ya leƙa, ya ga lokaci a kusurwar allonta. Ya ce abu mai tsada haka ai ba zai yi kuskure ba. Ya ajiye rediyo, ya koma saiti da kwamfuta kowace safiya.

Ba a jima ba ƙorafi ya taso. Wani ya rasa motar Kano. Wani ya isa masallacin Juma'a ana sallamewa. Ladan Ɗayyabu ya dawo da nasa agogon, ya ce, "Malam Sabi'u, inuwa ta ce azahar ta yi, agogonka ya ce da saura. Wa zan bi?"

Sabi'u ya buɗe agogon, ya wanke, ya sa mai, bai ga ciwo ba. Ya buɗe wani, lafiya lau. Ya zargi idonsa, ya zargi hannunsa. Mutane kuwa suka fara kai gyara garin Rogo, abin da ba a taɓa yi ba.

Wata safiya ya fito zai leƙa kwamfutar, sai suka yi kiciɓis da Bilya, shi ma ya miƙa wuya yana kallon agogon bangon Sabi'u.

"Akawu, me kake leƙe?"

"Lokaci mana. In an ɗauke wuta abar nan mantuwa take yi. Da naka nake gyara ta."

"Da nawa? Ai ni da taka nake saita nawa!"

"Kai mai gyaran agogo?"

"Kai mai boko fa? To, mu biyun nan wa yake bin wa?"

Daga baya wani makaniki daga Kano ya ciro ɗan batir daga cikin kwamfutar, ya ce rauninsa ne ke sa agogonta jan baya. Sabi'u ya juya shi a tafin hannu. Ɗan'uwan batiran agogon da yake sayarwa ne.

Ya dawo da rediyo. Ladan ya dawo, masu zuwa Rogo kuwa ba duka ba. Har Sabi'u ya rasu, in ka tambaye shi lokaci, sai ya dubi bango, ya dubi inuwa, ya ce, "A wurin wa?"